Daga Samariya zuwa gurup: yadda muka koma ƙananan zaure

Jama'a, ku duba salularku. Shekaru goma da suka wuce, in wani abu ya faru a Maraɗi ko Damagaram, kan Facebook muke jin shi. Yau kafin labari ya hau Facebook, ya riga ya kewaye gurup ɗin unguwa, na dangi da na ƴan kasuwa a WhatsApp. Kuma ba wannan ne karo na farko da muka bar babban fili muka koma ƙaramin zaure ba.

Dattawanmu sun san Samariya. Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da ita, ta zama babbar rumfar matasan ƙasa, amma igiyarta na hannun gwamnati. Da Taron Ƙasa na 1991 ya zo, rumfar ta watse. Samari ba su daina haɗuwa ba. Sai fada ta yaɗu: tabarma, butar shayi bisa gawayi, rediyo, mutum goma ko sha biyar, kowace da sunanta rubuce a jikin bango. Babu wanda ya naɗa musu shugaba daga Yamai.

Facebook ta zo mana kamar filin idi, kowa na ganin kowa. Amma fili ne na masu karatu, galibi da Faransanci. Da WhatsApp ta kawo saƙon murya a 2013, sai inna da ba ta shiga lakwal ba ta samu baki. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya turo vokal daga Kano, dillali a Maraɗi ya amsa, ɗan bida a Agadas ko Abijan ya ji kuɗin buhun hatsi a garinsu da Hausarsa. A ganinmu wannan ne babban dalili, ya fi duk sauran.

Sannan ga tsoro. A 2019 aka yi dokar laifukan intanet. A watan Yunin 2020 aka kai ƴar jarida Samira Sabou gidan kaso a Yamai kan abin da ya fito a shafinta na Facebook game da binciken kuɗin sayen makamai. Ta yi sama da kwana 40 kafin a sake ta. A 2022 aka cire ɗauri kan ɓata suna, a 2024 aka maido shi. Mutane da yawa suka rage rubutu a fili, suka kai maganarsu inda suke jin ana sanin juna.

To amma gurup ba fada ba ce. A fada, abin da ka faɗa iska ke ɗauka. Vokal kuwa shina nan da muryarka, mutum ɗaya ya isa ya fitar da shi waje. Jita-jita ma ta fi saurin karɓuwa in kawunka ne ya turo, wa zai ƙaryata kawu? Kuma kar mu manta, tun 2014 kamfanin Facebook ya sayi WhatsApp. Ɗaki muka sake, mai gidan ɗaya ne.

Mun ga iyakar abin a watan Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da aka yanke intanet ɗin salula wajen kwana goma. Facebook ta yi shiru, duk gurup ɗin suka yi shiru tare da ita. A kwanakin nan, wanda ke son labari sai ya ɗauki takalminsa ya nufi fada.