Daga Zargin Uwa zuwa Gazawar Farkawa: Tarihin Fahimtar Mutuwar Fuju'ar Jarirai

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun yadda fahimtar mutuwar fuju'ar jarirai cikin barci ta sauya a ƙasashen Turai da Amurka, tun daga zamanin da ake ɗora laifi a kan uwa har zuwa lokacin da bincike ya koma kan ƙwaƙwalwar jaririn da ya kasa farkawa yayin da iska ta yi masa ƙaranci.

1.0 Zamanin Zargi

Ƙarnoni da dama, amsa ɗaya ake bayarwa idan aka wayi gari jariri ya rasu a shimfiɗa: uwarsa ce ta danne shi. A birnin Fulorans na Italiya har wani keji na katako aka ƙera, ana kifa shi a kan jariri don kada mai shayarwa ta mirgina kansa. A 1892, Charles Templeman, likitan 'yan sanda a Dundi ta Sikotilan, ya wallafa bayanin mace-macen jarirai 258, ya lura cewa kusan rabinsu sun faru ne a daren Asabar, sai ya danganta abin da shaye-shaye da sakacin iyaye matalauta.

2.0 Kurakurai Biyu na Likitoci

A 1889, Arnold Paltauf na Viyana ya ɗora alhakin a kan kumburin taimus, wani ƙullin nama da ke bayan ƙashin ƙirji. Ashe ma'aunin ne gurgu: gawarwakin da aka saba dubawa na yaran da doguwar jinya ta motsar wa da ƙullin ne, don haka lafiyayye ya yi kama da kumburarre. An haska wa dubban jarirai eksire don a rage shi, daga baya wasunsu suka kamu da sankarar ƙullin wuya.

A wani taro na 1969 ne Bruce Beckwith ya gabatar da ma'anar da aka amince da ita: mutuwar jariri ba zato, wadda binciken gawa bai gano dalilinta ba. A 1972 kuma Alfred Steinschneider ya yi hasashen cewa ɗaukewar numfashi cikin barci ce sanadi, yana kafa hujja musamman da yara biyu 'yan gida ɗaya. Na'urorin sa ido kan numfashi suka cika gidaje. Amma a 1995 kotu a jihar Niyu Yok ta sami mahaifiyar yaran, Waneta Hoyt, da laifin kashe 'ya'yanta biyar. An yi ginin shekara ashirin a kan tubalin toka.

3.0 Kwanciya da Farkawa

Sauyi na haƙiƙa ya zo ne daga ƙididdiga. A 1987 Guus de Jonge ya gargaɗi iyaye a Holan game da kwantar da jariri rub da ciki. Binciken Niyu Zilan da na Biristol suka ƙarfafa batun, sannan Birtaniya a 1991 da Amurka a 1994 suka ƙaddamar da gangamin kwantar da jarirai rigingine. Cikin 'yan shekaru mace-macen suka ragu da fiye da rabi.

To, amma yawancin jariran da suka kwana rub da ciki sun tashi lafiya. Me ya bambanta waɗanda ba su tashi ba? Jaririn da fuskarsa ta nutse cikin katifa yana sake shaƙar iskar da ya fitar. Oksijin na raguwa a jininsa, kabon dayoksaid na ƙaruwa. Wasu 'yan ƙwayoyi a jikin jijiyoyin wuya da kuma gindin ƙwaƙwalwa suna jin wannan sauyi. Lafiyayyen jariri sai ya yi ajiyar zuciya, ya zabura, ya juya kai, ya farka. Idan hakan ya faskara, saura kariya ɗaya: fizgar numfashi mai ƙarfi da ke farfaɗo da bugun zuciya.

Hannah Kinney da abokan aikinta a Bostan sun nuna, a 2006 da 2010, cewa da yawa daga cikin jariran da suka rasu suna da tawaya a tsarin sinadarin sirotonin na gindin ƙwaƙwalwa, wato cibiyar da ke haɗa numfashi da farkawa. Wannan ya dace da ra'in haɗura uku da ita da James Filiano suka gabatar a 1994: rauni ɓoyayye a jikin jariri, lokaci mai hatsari na girma, musamman wata biyu zuwa huɗu, da kuma matsi daga waje, kamar kwanciyar rub da ciki, zafi, ko hayaƙin taba. Sai ukun sun haɗu ajali ke samun ƙofa.

4.0 Kammalawa

Tambayar ta tashi daga "wa ya kashe shi?" ta koma "me ya hana shi farkawa?" Sai dai har yau babu gwajin da asibiti ke yi wa jariri mai rai don gano wannan rauni. Saboda haka, cikin haɗuran uku, na ukun kaɗai ke hannun iyaye: a kwantar da jariri rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, fuskarsa a buɗe, nesa da hayaƙi.