Yadda mutanen Japan suka samu baƙaƙensu

Duk wanda ya ce zai koyi harshen Japan, abin da ake fara ɗora masa shi ne baƙaƙe 46 da ake kira hiragana. Kusan kowane baƙi gaɓa ce sukutum: ka, ki, ku, ke, ko. Wasulansu biyar ne kamar namu, kuma suna jan wasali yadda muke raba garin zama da garin tuwo: obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kuwa kaka. An daɗe ana fama kafin a samu waɗannan baƙaƙe.

Da can mutanen Japan ba su da rubutu. Wajen ƙarni na 5 rubutun ƙasar Sin ya kafu wurinsu, ta hanyar Koriya ya biyo. A rubutun Sin kowace alama tana ɗauke da ma'anarta: wannan dutse, wannan ruwa, wannan mutum. Ya dace da bakin Sinawa, don kalmominsu gajeru ne, ba su canza kama. Kalmomin Japan kuwa suna jan wutsiya, ta lokaci, ta korewa, ta ladabi, kuma babu alamar da za ta rubuta wutsiyar nan.

Sai malamansu suka yi dabara. Su ɗauki alamar Sin, su bar ma'anarta, su riƙe sautinta kawai. Haka aka rubuta da yawa cikin waƙoƙin Manyoshu, kundi mai waƙa fiye da 4500, wanda ta ƙarshensa ta shekarar 759 ce. Mu da kakanninmu suka lanƙwasa baƙaƙen Larabci suka yi ajami, mun san irin wannan aiki. Amma nasu ya fi wuya, don gaɓa ɗaya tak tana iya cin zane goma ko fiye.

A ƙarni na 9 hannu ya gaji, aka shiga ragewa. Almajiran addinin Buda, masu rubuta ɗan bayani a tsakanin layukan littafi, suka riƙa gutsurar ɓangare ɗaya na alama su bar saura. Wannan ya zama katakana, wanda yau ake rubuta baƙin kalmomi da sunayen ƙasashen waje da shi. A fada kuma aka riƙa jan alamar gaba ɗaya da sauri, har ta narke ta zama ɗan lanƙwasa. Wannan shi ne hiragana. Manyan ma'aikata suka ci gaba da rubuta takardun mulki da Sinanci, rubutu mai sauƙin kuwa aka sa masa suna “hannun mata”, tunda ba a cika koya wa mata Sinanci ba. To, da hannun matan nan ne wata mata ta fada, Murasaki Shikibu, ta rubuta Labarin Genji mai babi 54 jim kaɗan bayan shekara ta 1000. Har yau shi ake fara ambata in ana zancen adabin Japan, takardun mulkin kuwa sai masu bincike.

Talakawa sun samu rabonsu a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Ƙananan makarantun unguwa da ake kira terakoya suka bazu birni da ƙauye. Ƴaƴan ƴan kasuwa da na manoma su zauna gaban malami da tawada da alƙalamin gashi, su fara da hiragana, sannan sunayen mutane da na garuruwa, da wasiƙa, da lissafi. Abin da za su bukata gobe a kasuwa shi ake fara ba su. A ganina, ko mu masu yaƙi da jahilci ba mu da tsarin da ya fi wannan. A 1872 gwamnati ta kafa dokar lakkwal ga kowane yaro, a 1900 kuma ta tsayar da baƙi ɗaya ga kowace gaɓa, don a da gaɓa ɗaya tana da siffofi da yawa.

Saura alamomin Sin, waɗanda suke kira kanji. Tun 1866 wani mai suna Maejima Hisoka ya roƙi masu mulki a watsar da su, wai suna cinye shekarun yara. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, wata tawagar malamai daga Amurka ta ba da shawara a koma boko. A 1948 aka gwada mutane wajen 17000, aka tarar waɗanda ba su iya karatu sam ba su kai 3 cikin 100 ba. Aka bar kanji, amma an riga an yi musu iyaka: 1850 a 1946, 1945 a 1981, 2136 tun 2010.

Ba a zuba wa yaro su gaba ɗaya. A ajin farko, bayan hiragana da katakana, kanji 80 kawai yake koya: lambobi, rana, wata, wuta, ruwa, itace, dutse. Kafin ya gama shekara shida na firamare ya haɗa 1026. Baƙo babba mai koyo shi ma nan ya kamata ya bi, ya saki boko da wuri, ya riƙe baƙi biyar biyar, a, i, u, e, o yau, gobe ka, ki, ku, ke, ko.