Daga Gafakar Alhaji Zuwa Teburin Kwastan: Yadda Magani Ya Zama Abin Bincike



Sau nawa muka karanta labarin da Hajiya za ta zuba magungunanta a jakar hannu, ta hau jirgi, ta sauka Jidda ko Alƙahira ba wanda ya ce mata kanzil? In maganin ya ƙare kuma, sai ta kira likitanta a waya ya turo mata wani. Mu ma mun rubuta irinsa. Da muka bi tarihin abin, sai muka ga ba haka duniya take tafiya ba.

Kakanninmu da suka je Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, shekaru suke yi a hanya. Maganinsu na cikin gafaka: saiwa, sassaƙe, garin ganye, ga goro na kashe barci. Suna tsoron 'yan fashi da ƙishirwa da annoba, amma ba su san wata doka da ta ce ɗauko maganin kai laifi ba ne.

Dokar daga nesa ta taso. A 1912 aka sa hannu a yarjejeniyar farko ta taƙaita cinikin ofiyom a birnin Heg na ƙasar Holan. A 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara tsofaffin yarjejeniyoyi ta dunƙule su wuri guda, a 1971 kuma aka ƙara wata a Biyana wadda ta shafi magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Abin lura a nan shi ne, ba ƙwayoyin 'yan shaye-shaye kaɗai suka shiga jerin ba. Fenobabiton, wanda ake ba masu farfaɗiya a asibitocinmu, yana ciki. Bayan shekaru aka saka Valium. Wato maganin da uwa ke ba ɗanta don kada ya faɗi a wuta, shi ne wanda jami'in kwastan zai iya tsare ta a kansa. A gida kuma, an kafa NDLEA a 1989, NAFDAC a 1993.

Sai dai kowace ƙasa tana da nata jerin bayan na duniya, kuma nan ne gizo ke saƙar. Tiramadol ba ya cikin jerin yarjejeniyoyin nan, amma Masar da Saudiyya sun ɗaure shi tamau. A Disambar 2017 wata kotun Masar ta yanke wa wata Baturiyar Ingila ɗaurin shekara 3 saboda ƙwayar tiramadol 290 da aka samu a akwatinta, duk da ta ce ciwon bayan saurayinta ta kawo wa magani. Kodin kuwa, a ranar 1 ga Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi, kwana guda bayan BBC ta fitar da fim ɗin bincikenta. Ko goro, da mu ke rabawa a ɗaurin aure da suna, duk shekara sai Hukumar Alhazai ta ja kunnen maniyyata kada su kai shi ƙasa mai tsarki.

Labarin da ya fi girgiza Arewa shi ne na wata ɗalibar Jami'ar Maitama Sule ta Kano. Ta tafi Umara da mahaifiyarta da 'yar uwarta a Disambar 2018, aka bi ta har masauki a Madina aka kama ta, saboda wata jaka mai ɗauke da tiramadol da aka liƙa wa sunanta. Binciken NDLEA ya gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano suka yi wannan aika-aika. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa. Idan wadda ba ta ɗauko komai ba ta sha wannan, mai ɗauke da nasa maganin ba takarda fa?

Abin da ke raba mara lafiya da mai fasa-ƙwauri a idon jami'i, takarda ce kawai. Saudiyya na neman rahoton likita ko takardar magani mai ɗauke da sunan majinyaci da cutarsa da sunan maganin da yadda ake shansa, kuma adadin kada ya wuce na wata guda ko na kwanakin zamansa. A bar shi cikin kwalinsa na asali, ba a ƙulle a leda yadda muka saba ba.

To, likitan waya fa? Don amsa wannan, mu dawo gida, ƙauyen Sunke a ƙaramar hukumar Anka.

A farkon 2010 yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Alamun sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, an ba da maganinsu, abin bai tsaya ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ɗibi jini aka auna, sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake dakawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Sunke na cikin ƙauyuka bakwai da aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsu, tare da Dareta da Yargalma da Abare da sauransu, Bagega kuma sai a 2013. Maganin da ke fitar da dalmar daga jiki ba a ba da shi sai an ga awon jini, ana sha ana sake awo. Da a waya aka bayyana wa likita halin yaran nan, me zai ce in ba zazzaɓi ba? Waya tana kai murya da hoto, ba ta ɗibar jini.

Ita kanta wayar ba kullum take nan ba. A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutanen karkara suka yi makonni ba sabis. Wanda likitansa ke cikin waya a lokacin, ba shi da likita ke nan.

Akwai kuma iyakar doka. Lasisin likita na ƙasar da ta ba shi ne. Wanda ya yi rajista a Najeriya zai iya ba ka shawara ta WhatsApp kana Makka, amma hoton takardarsa ba zai sa mai kantin magani a can ya miƙo maka maganin da doka ta killace ba. Ko a Amurka, wata doka ta 2008 ta shardanta cewa sai likita ya ga majinyaci ido da ido kafin ya rubuta masa irin waɗannan magunguna ta intanet, sai zuwan korona a 2020 aka sassauta.

Mu ɗauka wani dattijo ne daga Sunke mai farfaɗiya Allah ya kira shi aikin Hajji. Tafiyarsa ba daga filin jirgi take farawa ba. Sai ya bi hanyar da kowa ya san halinta zuwa asibiti a Anka ko Gusau, likita ya duba shi ya rubuta rahoto ya buga hatimi, ya ƙirga ƙwayoyinsa daidai da kwanakinsa. In sun ƙare ko sun ɓace a Mina, ba ɗansa da ke gida zai kira ya ba wani alhaji saƙo ba, domin shi ɗan saƙon ne zai shiga uku. Asibitin da Hukumar Alhazai ke buɗewa a Makka zai nufa, ko na Saudiyya, ya zauna a layi likita ya gan shi.