Tarihin Koyar da Ilimin Haske a Nijar

Ilimin haske reshe ne na fizik da ke bayyana yadda haske ke tafiya, yadda yake karkacewa idan ya shiga ruwa ko gilashi, da kuma dangantakarsa da igiyoyin rediyo. A Nijar da Faransanci ake koyar da shi, cikin darasin fizik na kwaleji da lise, sannan a zurfafa a jami'a.

Tushe

Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta *Kitab al-Manazir* a Masar tsakanin 1011 da 1021, ya nuna cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. A 1865 James Clerk Maxwell ya nuna ta hanyar lissafi cewa haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. A 1887 Heinrich Hertz ya samar da igiyoyin rediyo a ɗakin gwaji a Jamus, lissafin ya tabbata.

Abdou Moumouni

Wanda ya kafa wa wannan fanni gindi a Nijar shi ne Abdou Moumouni Dioffo (1929–1991), haifaffen Tasawa. Ya ci jarrabawar agregasiyo ta fizik a Faransa a 1956, ya koyar a Dakar, Konakiri da Yamai. Littafinsa na 1964, *L'Éducation en Afrique*, ya nemi a koyar da yara da harsunan iyayensu. Daga 1969 ya jagoranci ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da zafin rana. A hannunsa ranar da ke ƙona Sahel ta zama abin aunawa da amfani. Ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979, kuma tun 1992 take ɗauke da sunansa.

A yau

Ɗalibin Deule, Buza, Keita ko Madawa yana tare da darasin tun daga gida. Idan mahaifinsa ya murɗa rediyo zuwa gajeren zango, mita 31, tsawon igiyar ke nan ya zaɓa. Faifan solar da ke cajin wayoyi ranar kasuwa haske yake mayarwa lantarki, kamar tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. Malamin da ya tsoma kara cikin kwanon ruwa, yara suka ga kamar ya karye, ya bayyana dalili da Hausa kafin ya rubuta lissafi a allo, yana kan turbar da Moumouni ya shata.