Hausawan Shuɗin Nilu da Tarihin Hayaƙin Ƙasar Sudan

Gabatarwa

Idan ana maganar iskar da ke ɗumama duniya, hankali yakan tafi ga masana'antun Amurka da Sin da Turai. Lamarin Sudan dabam ne. Kason da take fitarwa bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba, kuma mafi yawansa daga saran daji da noma da kiwo yake fitowa. Saboda haka tarihin hayaƙinta tarihin ƙasa ne da itatuwa, kuma ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu suna tsakiyarsa.

Daga Burmi zuwa Mai Wurno

Tun kafin zuwan Turawa maniyyata daga ƙasar Hausa suke ratsa Sudan a ƙasa, wasu su yada zango su nemi guzuri, zangon ya zame musu gida. Babbar hijira ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira da sunansa. Daga nan ƙauyukan Fulani da Hausawa suka bazu a bakin kogin, suna noman dawa da lambu, suna su.

Madatsar ruwa da auduga

A 1925 Turawan Ingila suka kammala madatsar Sinnar, suka buɗe shirin noman rani na Jazira domin samar wa masaƙun Lankasha auduga. Da aka ƙara yankin Managil, faɗin shirin ya kai kusan fadan miliyan 2. Ɗiban auduga yana bukatar hannaye da yawa, Hausawa kuwa suna cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi. Galibinsu ba a ba su gona ba, sai suka zauna a matsayin 'yan ƙwadago a sansanonin da ake kira kambo.

Madatsun sun yi wa lissafin hayaƙin Sudan rana. Ta Rusairis, wadda aka gama a 1966 aka ƙara mata tsawo a 2013, da ta Marawi ta 2009, suna ba da kaso mai tsoka na wutar lantarkin ƙasar ba tare da ƙona mai ba.

Tarakta da gawayi

Ɓarnar ta fi yawa a wajen shirin Jazira. A shekarun 1940 aka soma noman damina da tarakta a Gadarif, a 1968 kuma aka kafa masa hukuma ta musamman, ya bazu zuwa Sinnar da Damazin. Ana tumɓuke daji a shuka dawa da riɗi, in ƙasa ta gaji a matsa gaba. Itacen da aka sare ya zama gawayi, manyan motoci su kai shi Wad Madani da Khartum. Dakwara mai ba da ƙaro da bagaruwar bakin kogi duk sun ragu. Kowace bishiya rumbu ce ta iskar kabon. In an ƙone ta, abin da ta tara ya koma sama, mai shanye na gobe kuma ya tafi. Farin 1984 zuwa 1985 ya nuna wa ƙasar abin da ƙarancin ruwan sama kan jawo, a 1989 kuma aka kafa hukumar gandun daji ta ƙasa.

Alkawari da yaƙi

Ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da mafi yawan dazuzzuka da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur. A 2017 Sudan ta amince da yarjejeniyar Paris, wadda burinta shi ne duniya ta kai matsayin da abin da ake fitarwa bai wuce abin da dazuzzuka da ƙasa ke shanyewa ba. Ta yi alkawarin rage hayaƙi a fannin makamashi da gandun daji da shara kafin 2030, bisa sa ran tallafi daga waje.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya katse wannan tafiya. Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, Sinnar ma ta ɗanɗana. Gas ɗin girki ya yi wuya, jama'a suka koma ga itace da gawayi, masu kula da daji suka watse.

Kammalawa

Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne, rage hayaƙi a Sudan ya rataya ne a kan zaman lafiya, da makamashin girki mai sauƙin kuɗi, da haƙƙin mallakar gona. Manomin da ba shi da tabbacin zai ci moriyar ƙasa baɗi da wuya ya dasa bishiyar da sai bayan shekaru za ta yi ƙaro. Jikokin mutanen Mai Wurno sun fi shekara 100 suna noma wannan gaɓa, kuma duk shirin da za a yi na mayar da dajinta sai da hannunsu zai yiwu.