Asalin Hoton Cikin Jiki da Dalilin Dokokinsa

Birnin Kudu tsohon gari ne mai duwatsu, yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, kimanin mil 80 daga Kano. A jikin waɗansu daga cikin duwatsun, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu wanda mutanen dā suka yi. A shekarun 1950 ma'aikatan kayan tarihi suka zo suka duba shi, daga baya Gwamnati ta sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa waɗanda doka ta tsare. Mai zanen ya zana abin da idonsa ya gani, watau ƙaho da ƙafafu da bindi. Abin da ke cikin cikin sa kuwa ba ya ganuwa sai an yanka. Haka al'amarin ɗan Adam ya ke a wancan zamani. Mai ɗori da yatsunsa ya ke laluben karaya, ungozoma da tafin hannu ta ke gane kwanciyar ɗa, sauran abin da ya ɓoye kuwa sai a yi kirdado.

Zamanin da Birnin Kudu da Gwaram su ke cikin Lardin Kano, wanda ciwonsa ya gagari ɗakin shan magani sai a nufi babban asibitin birnin Kano da shi. A 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, a 2000 kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓi babban asibitin Birnin Kudu ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Yanzu manomi ya kan taso daga Basirka ko Fagam ko Sundimina a ɗauki hoton ƙirjinsa, ko a duba cikin matarsa da na'ura. Amma kowane hoto yana da doka. Wani a ce kada a ci abinci, wani a ce a sha ruwa a riƙe fitsari, wani a ce a cire laya da guru. Mutum ya kan taso da asuba, ya biya kuɗin mota, ya tsaya a tasha ya karya kumallo da koko da ƙosai, sa'an nan a ce da shi ya koma gida ya dawo wata rana domin ya ci abinci. Irin wannan mutum ya kan zaci wulakanci ne. Alhali kuwa kowace doka a cikinsu tana da asali, waɗansu ma sai da aka rasa rayuka kafin a san su.

Ran 8 ga Nuwamba, 1895, wani malamin kimiyya a garin Wurzburg na ƙasar Jamus, sunansa Wilhelm Rontgen, yana gwaji da wata kwalbar lantarki cikin ɗaki mai duhu. Ya rufe kwalbar da baƙar takarda mai kauri, amma sai ya ga wani allo da ke gefe yana ƙyalli. Nan ya gane akwai wani haske wanda ido ba ya gani, mai ratsa takarda da katako da nama. Da ya ke bai san irinsa ba, sai ya kira shi da harafin X, daga nan aka sami sunan eksire. A watan Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa. Sai da ta ajiye hannun kamar minti 15 ba motsi, sa'an nan ƙasusuwan yatsunta suka fito, zoben da ke yatsanta kuwa ya fito dunƙule ya rufe ƙashin da ke ƙarƙashinsa. A 1901 aka ba Rontgen kyautar Nobel.

Wannan hoto na farko ya koyar da abu biyu waɗanda har yau a ke bi. Na ɗaya, ƙarfe yana tare hasken, saboda haka sarƙa, ko 'yan kunne, ko laya, ko maɓallin riga, duk suna iya rufe daidai wurin da ciwon ya ke. Na biyu, motsi yana ɓata hoto. Ko da ya ke yanzu ɗaukar ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, duk da haka a kan ce wa mai hoton ƙirji ya ja numfashi ya riƙe, domin huhu ya buɗe sosai, ya kuma tsaya cik.

Da farko mutane ba su san hasken yana da illa ba. Wani ma'aikaci a Amurka, Clarence Dally, wanda ke taimakon Thomas Edison, ya riƙa sa hannuwansa gaban na'urar kullum. Fatarsa ta ƙone, ciwon daji ya kama shi, aka yanke hannuwan duka biyu, ya mutu a 1904. Marie Curie, wadda ita da mijinta suka gano sinadarin radiyam a Faransa a 1898, ta mutu a 1934 da ciwon jini wanda a ke dangantawa da aikinta. A 1956 kuma wata likita a Ingila, Alice Stewart, ta nuna cewa 'ya'yan da aka ɗauki hoton uwayensu da eksire suna ciki sun fi sauran yara kamuwa da ciwon daji. Wannan shi ne dalilin da ya sa ma'aikaci ya kan koma bayan bango in zai kunna na'ura, domin shi kullum yana wurin. Shi ne kuma dalilin da ya sa a ke tambayar mace ko tana da ciki, da ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe. Tambaya ce mai nauyi ga mace mai kunya, amma amsa ta gaskiya tana tsare ɗan da ke ciki. Hasken da a ke amfani da shi yanzu a hoto ɗaya kaɗan ne ƙwarai, amfaninsa ya fi illarsa nesa in likita ne ya nema.

Eksire yana nuna ƙashi sarai, amma hanji da jijiyoyin jini ba su fitowa sosai. Sai likitoci suka samo wani farin ruwa mai kauri kamar kunu, sunansa bariyam, wanda in an sha ya kan zana hanyar abinci a hoto. In akwai tuwo a ciki, ba a iya rarrabe lomar tuwo da ƙari, shi ya sa a ke hana cin abinci tun daren jiya. A shekarun 1920 aka fara yin allurar wani ruwa mai aidin cikin jijiya, domin hanyoyin jini da na fitsari su bayyana. Ƙoda ce ke fitar da wannan ruwa, saboda haka a kan gwada jini tukuna a ga ƙarfinta, bayan hoto kuma a ce a sha ruwa da yawa. Mutum ya kan ji ɗumi ya ratsa jikinsa sa'ad da ruwan ke shiga, wannan ba kome ba ne. Amma mai asma, da mai ciwon sukari, da wanda wani magani ya taɓa sa shi borin jini, wajibi ne su faɗa tun kafin ranar, su kuma nuna magungunan da su ke sha.

Na'urar da a ke duba cikin mata da ita dabam ta ke, ba ta aiki da eksire ko kaɗan. Sauti ta ke aikawa wanda kunne ba ya ji, ya bugi abin da ke ciki ya dawo, kamar yadda dutse ke mayar da amo in an yi kira a gindinsa. Wani likita a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, Ian Donald, shi ya aro dabarar daga masu neman tsaga cikin ƙarfe, ya bayyana ta ga sauran likitoci a 1958. Sauti yana ratsa ruwa da sauƙi, amma iska tana tare shi. In mafitsara ta cika, ta kan ture hanji gefe, sai a hangi mahaifa ta cikinta. Wanda za a duba masa hanta da maɗaciya kuwa, shi a ke hana abinci kamar awa 6, domin maɗaciya ta kan tsuke in an ci abinci.

A 1971, a wani asibitin London, aka fara gwada na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙirƙira, wadda a ke kira siti sikan, kan wata mace da a ke zaton tana da ƙari a ƙwaƙwalwa. Eksire ne ke zagaya jiki, kwamfuta ta haɗa hotunan yanka yanka, kamar yadda a ke yanka rake gaɓa gaɓa. A 1987 aka kafa irinta ta farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Badun. Bayanta aka sami hoton maganaɗisu, wanda a ke kira em-ar-ai. Wannan ba ya aiki da eksire, amma maganaɗisunsa yana da ƙarfin fizge almakashi daga hannun mutum, kuma ba a kashe shi dare da rana. Don haka dokar ƙarfe ta fi tsanani a nan. Maƙeri ko mai walda wanda ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, da maharbin da harsashi ya saura a jikinsa, da wanda aka sa wa na'ura a zuciya, lalle su faɗa tun daga ƙofa. Ko kwalli a kan ce a wanke. Na'urar tana da ƙara kamar injin niƙa, mutum kuma ya kan kwanta cikinta rabin awa ko fiye.

Hasken da ya ƙone hannun Dally shi ne likitoci suka juya ya zama magani, gama abin da ke ƙona lafiyayyen nama yana iya kashe ciwon daji. Wannan shi a ke kira gashi. Da farko a kan ba da hasken gaba ɗaya, sai fata ta lalace. A shekarun 1920 wani likita a Faris, Claudius Regaud, ya yi gwaji kan raguna. Ya ga in an haska 'ya'yan marainan rago sau ɗaya da ƙarfi, fata ta kan ƙone ƙwarai kafin a kashe irin. In kuwa an raba hasken kaɗan kaɗan cikin makwanni, sai irin ya mutu fata ta tsira. Henri Coutard ya bi wannan hanya ga masu ciwon daji na maƙogwaro, aka ga nasara. A 1951 aka fara aiki da na'urar kobal a Kanada, a 1953 kuma da wata mai aiki da lantarki a London. A Nijeriya an fara gashi a asibitin koyarwa na Ikko a 1968. A Arewa a kan tura majiyyata Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, a 2025 kuma aka buɗe wata cibiya a Katsina.

Tun da ya ke gashin kwana da kwanaki a ke yi, dole hasken ya sauka wuri guda kowace rana. Saboda haka kafin a fara a kan yi zaman awo. A kwantar da mutum kan gado mai tauri, a gyara masa kwanciya, a ɗauki hoton siti sikan, a sa alamu a fatarsa da alƙalami ko da 'yan ɗigon tawada masu zama. Wanda ciwonsa ke kai ko wuya a kan ɗora masa wata ragar roba mai ɗumi a fuska, ta sandare daidai da siffarsa, yana numfashi ta ramukanta, a kan kuma duba haƙoransa tukuna. Mai ciwon mara a kan faɗa masa yawan ruwan da zai sha, haka kuma zai riƙa sha kafin kowane gashi. Daga nan likita da masana lissafin haske su kan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako ɗaya ko biyu, suna tsara ta inda hasken zai shiga ya sami ƙari, ya kauce wa laka da zuciya da ƙoda. Jiran nan aiki a ke yi cikinsa, ba a manta da majiyyaci ba.

Abin da ya rage na hannun majiyyaci ne da danginsa. Kada a goge alamun da soso wajen wanka, in kuma sun dushe kada a sake zana su a gida. Kada a shafa wa wurin wani mai ko maganin gargajiya sai da izinin likita, kada kuma a yi tsaga ko ƙaho a kansa. A ci abinci gwargwadon iko, gama in an rame ragar fuska ta kan yi yawa, awo ya ɓaci. Gashin kansa 'yan mintoci ne, ba a jin zafi sa'ad da a ke yi, kuma wanda aka haska daga waje ba ya ɗauke da hasken, yana iya rungumar jikokinsa. Gajiya da canjin fata su kan biyo baya, a faɗa wa ma'aikata in sun zo.

Mafi girma duka shi ne kada a yanke a tsakiya. A kan yi gashi daga Litinin zuwa Juma'a, sau da yawa mako 3 zuwa 7. Bayan mako biyu ƙarin ya kan fara raguwa, mutum ya ji sauƙi, ga damina ta kama, ga guzuri ya ƙare, sai zuciya ta raya masa komawa gida. Amma ragowar ciwon ya kan ci gaba da yaɗuwa cikin kwanakin da aka tsallake, wahalar da aka sha ta zama banza. Saboda haka shirin mutumin Gwaram daga gida ya ke farawa. Dangi su zauna su san wanda zai raka shi, da inda za su sauka a Zariya ko Sakkwato, da wanda zai riƙe gona da yara. A tattara takardar turawa, da tsofaffin hotuna, da sakamakon gwajin tsokar da aka yanka, a sa su jaka ɗaya. Da ya ke na'urorin gashi ba su da yawa a ƙasar, kuma su kan lalace, ya kamata a buga waya a tabbatar kafin a hau mota.

Wanda ya yi karatu yana da abin da zai taimaki 'yan'uwansa da shi a nan. In maƙwabci ya dawo daga asibiti da takardar hoto, ya karanta masa ita tun a ranar, ya bayyana masa abin da aka hana da dalilin hanin. Abin da ya shige musu duhu kuwa su tambayi ma'aikacin asibiti kafin ranar tafiya ta zo, domin tambaya ita ce mabuɗin ilmi.