Hayar Tarakta da Gamsuwar Ƙananan Manoman Shinkafa a Fadamar Rima: Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake auna gamsuwar ƙaramin manomi da hayar injinan noma a kwarin Rima. Hujjarta ita ce, a ƙasar fadama, ranar da tarakta ta shiga gona ta fi kuɗin haya nauyi, don haka a kanta ya kamata a gina ma'auni.

1.0 Gabatarwa

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, noman shinkafa na rani ya bunƙasa a jihar Kebbi. Kamfanin Labana da ke Birnin Kebbi da na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 sun kawo wa manomi kasuwa har gida. Sai dai mai kadada ɗaya ko biyu, irin wanda ke zaune a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi yana sauka fadama da asuba, ba shi da ƙarfin sayen tarakta. Ko ya yi haya, ko ya koma ga shanun huɗa da 'yan ƙwadago.

2.0 Waiwaye

Hayar tarakta ta gwamnati tsohuwar hanya ce a Arewa, kuma an san ciwonta: rashin kayan gyara da jinkiri. Binciken Hiroyuki Takeshima da abokan aikinsa na cibiyar IFPRI a jihohin Kaduna da Nasarawa ya nuna cewa waɗanda suka sayi tarakta a kasuwa da kuɗinsu sun fi waɗanda suka samu ta hannun gwamnati yawan aiki da ita, kuma masu tarakta ba sa nisa da garuruwansu. Kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014, ya gwada wata dabara: wakili ya haɗa maƙwabtan gonaki su zama aiki ɗaya kafin a kira injin.

3.0 Lokaci a Fadama

Ƙasar fadama laka ce. Idan ruwan kogi bai gama janyewa ba, tarakta ta shiga sai ta kafe har gindi. Idan an bari ta bushe, sai ta tsattsage ta yi tauri, faifan haro ya riƙa tsalle a kanta yana barin manyan hoge. Tsakanin biyun akwai 'yan kwanaki, kuma kowa a cikinsu yake neman injin.

A nan ƙaramin manomi ke cutuwa. Direba zai fi son gona mai kadada ashirin a wuri ɗaya, domin a ƙananan fegi mai da lokaci a juyawa da ƙetare kunya suke ƙarewa. Shi kuma mai ƙaramar gona ya riga ya zuba iri a wurin raino. Dashen shinkafa ya fi kyau a wajen mako uku. Idan ya tsufa ba ya 'ya'ya sosai. Jinkirin dashe yana jan girbi zuwa tsananin zafin bazara, ya ƙara kuɗin fetur na injin ban-ruwa, wanda ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a watan Mayu 2023. Ga mai noman damina kuwa, jinkiri na iya haɗa shi da ambaliya irin ta 2020 shinkafa ba ta tasa ba.

4.0 Matsalar Ma'auni

Tambayar "ka gamsu?" ba ta isa ba. Bakaben da aka tambaya a gaban shugaban ƙungiya, ko jami'in da yake sa ran samun taki ta hannunsa, "alhamdu lillahi" zai ce, kuma da gaske yake: ya kwatanta ne da kaftun hannu. Haka kuma, wanda ya bi layi bai samu ba sam ba ya shiga lissafi, alhali shi ya fi cancanta a ji ta bakinsa. Wannan babban giɓi ne a ganina.

Ya kamata mai bincike, ko hukumar raya aikin gona ta jihar Kebbi (KARDA), ya rubuta ranar da manomi ya biya kuɗi da ranar da injin ya zo, ya auna zurfin huɗa a tsakiyar gona da kusurwoyinta, sannan ya tambayi wa ya auna kadadar da aka caji kuɗinta: igiya, na'ura, ko idon direba.